Tarwaɗa, Asabar da Shari'ar Musa: Shin Suna Kan Mai Bin Almasihu a Yau?

"Baba Fasto, ina gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ikilisiya. Ni mai bi ce a nan Garwa, sana'ata sayar da bandar kifi da nake sarowa daga Lagdo. Ƙanin maigidana ya dawo daga tafiya da wata koyarwa. Ya ce tarwaɗar da nake sayarwa haram ce a Littafin Firistoci, kuɗinta ma ƙazantacce ne, kuma sujadarmu ta Lahadi aikin banza ce tunda Asabar Allah ya keɓe. Ya buɗe Littafi ya nuna mini, na gani da idona. Yanzu ya daina cin abincin gidanmu. Jibin Ubangiji ya wuce ni sau biyu saboda zuciyata ba ta kwanta ba. Baba, shin dokokin Tsohon Alkawari suna kanmu har yanzu? In suna kanmu, me ya sa muke bin wasu muna barin wasu?"

'Yata, na amsa gaisuwarki, Ubangiji ya sa albarka a sana'arki. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne Jibin da kika bari ya wuce ki har sau biyu. Ki koma teburin Ubangiji. Tarwaɗa ba ta raba ki da Almasihu ba, kuma daga cikin Littafin nan da aka buɗe miki zan nuna miki dalili.

Tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. Idan har muna cewa kada a yi sata domin Musa ya hana, da wane baki za mu ci tarwaɗa alhali shi Musan ya hana? Na shekara fiye da ashirin ina koyar da ajin baftisma, kuma kusan kowace shekara sai wani ya yi mini wannan tambaya, ko dai wani ɗan'uwa ya tsorata shi, ko maƙwabcinsa Musulmi ya ce masa, "Ku Kirista ba ku da shari'a, kowa yana yin abin da ya ga dama." Tambaya ce ta mai hankali, kuma manzanni da kansu sai da suka yi taro a kanta.

Ƙanin maigidanki bai yi miki ƙarya a kan abin da ya karanta ba. Littafin Firistoci 11:9-12 ya halatta kifin da ke da ƙege da ɓamɓaroki a jikinsa, ya haramta mai santsin jiki. Karfasa da giwan ruwa sun tsira, tarwaɗa da kurungu sun faɗa cikin haram. Amma a surar nan dai an haramta raƙumi da zomo da alade, an kuma halatta fara, wadda ake soyawa da yaji a Marwa da Njamena. In ya ƙara gaba zuwa sura 19 aya 19, zai tarar an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. Wace gona ce daga nan har Gidar ba a haɗa dawa da wake a cikinta? Fitowa 35:3 ta hana hura wuta a gida ran Asabar, a Littafin Ƙidaya sura 15 kuwa an jajjefe mutum har lahira saboda ya tsinci itace a ranar. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura suka samu 613, na umarni 248, na hani 365. Da yawa a cikinsu sun rataya ga Haikalin Urushalima ne, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, don haka ko Bayahude mafi tsoron Allah ba shi da hanyar cika su a yau. Ashe kowa yana zaɓe, har da ƙanin maigidanki. Abin dubawa shi ne ko da ma'aunin da manzanni suka ba mu muke yin zaɓen.

Wa aka ba wannan Shari'a?

Duk takardar da ta zo hannunki, kafin ki aikata abin da ke ciki sai kin duba sunan wanda aka rubuta wa. Shari'ar Musa tana da suna a goshinta. Kafin doka ta farko cikin Dokoki Goma, Allah ya ce shi ne Ubangijin da ya fito da su daga ƙasar Masar, daga gidan bauta. Musa ya tuna wa jama'a cewa a Horeb, wato Dutsen Sina'i, da su aka ƙulla wannan alkawari, ba da kakanninsu ba (Maimaitawar Shari'a 5:2-3). Zabura ta 147 ta rufe da cewa ga Isra'ila Allah ya bayyana ka'idodinsa, bai yi wa wata al'umma haka ba. Ibrahim bai san dokar kifi ba. Bulus ya ƙirga shekara 430 tsakanin alkawarin da aka yi wa Ibrahim da zuwan Shari'a, kuma tun bai yi kaciya ba Allah ya lasafta masa adalci saboda bangaskiya. Nuhu kuwa, kakan kowa da kowa, an ce masa duk mai rai da ke motsi abincinsa ne, sai dai kada ya ci nama da jininsa.

To me ya kawo dokokin abinci? Littafin Firistoci 20:24-26 ya faɗa a fili: domin a keɓe Isra'ila daga sauran al'ummai. Shinge ne aka kewaye su da shi. Duk lokacin da mace ta ɗora tukunya, duk lokacin da aka gayyaci mutum cin abinci a gidan mai bautar gumaka, dokar tana tuna masa cewa shi na Ubangiji ne. Shingen ya yi aikinsa ɗaruruwan shekaru, ya tsare jama'ar da Mai Ceto zai fito daga cikinta. Da Mai Ceton ya zo domin duniya duka, sai Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa Almasihu ya rushe katangar da ta raba Bayahude da Ba'al'umme, wato wanda ba Bayahude ba. Mu ne waɗanda muke bayan katangar, 'yata. Da ba a rushe ta ba, da bishara ba ta iso bakin Binuwai ba.

Taron Urushalima

Ina so ki karanta Ayyukan Manzanni sura 15 da kanki, a hankali, domin labarin gidanku ne. Wasu mutane sun tashi daga Yahudiya suka je Antakiya suna koya wa sababbin masu bi cewa in ba a yi musu kaciya bisa al'adar Musa ba, ba za su sami ceto ba. Ki lura, su ma masu bi ne, su ma da Littafi a hannunsu, ayoyin da suke nunawa kuma suna nan a rubuce. Gardama ta yi zafi har aka tura Bulus da Barnaba Urushalima wurin manzanni da dattawa, wajen shekara ta 49. A taron, wasu Farisiyawa da suka ba da gaskiya suka miƙe suka ce dole ne a yi wa Al'ummai kaciya, a kuma umarce su su kiyaye Shari'ar Musa. Tambayarki ke nan, ba ragi ba ƙari.

Bitrus ya miƙe ya tuna musu da gidan Karniliyus, inda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutanen da ba su da kaciya, ba su kuma taɓa bin dokar abinci ba. Ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da kakanninsu da su kansu suka kasa ɗauka. Yakubu, ɗan'uwan Ubangiji, mutumin da kowa ya san riƙonsa ga al'adun Yahudawa, shi ya yanke magana. Aka rubuta wasiƙa cewa ya gamshi Ruhu Mai Tsarki da su kada a ɗora wa Al'ummai wani kaya sai abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Babu kaciya a wasiƙar, babu Asabar, babu jerin dabbobi da kifaye na Littafin Firistoci. In da waɗannan suna kanmu, a nan ne wurin faɗa, domin a kansu aka taru.

Wataƙila ƙanin maigidanki zai ce wahayin da Bitrus ya gani a Yafa, na mayafin da aka sauko da shi cike da dabbobi har sau uku, a kan mutane yake magana. Yana da gaskiya a nan, Bitrus da kansa ya fassara shi haka. Sai dai Bitrus ya shiga gidan Karniliyus ya ci abincinsu, kuma a kan cin abincin ne 'yan'uwa suka tuhume shi da ya koma Urushalima. Kafin wannan ma Yesu ya ce abin da ke shiga cikin mutum daga waje ba ya ƙazantar da shi, domin ciki yake tafiya ba zuciya ba, Markus kuma ya ƙara bayani cewa da wannan magana ya tsarkake dukan abinci (Markus 7:18-19). Bulus ya gaya wa Timoti cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, ba abin ƙi in an karɓe shi da godiya.

Ayar da za a fi riƙe miki ita ce Matiyu 5:17, inda Yesu ya ce bai zo domin ya shafe Attaura da Annabawa ba, ya zo ne ya cika su. Ni ma a kan ayar nake tsaye, amma sai mu ji kalmar "cika" da kyau. Saurayi ya yi wa budurwa alkawari, ya kai kayan toshi, an sa rana. Ran da aka ɗaura aure babu mai cewa an karya alkawari, cika shi aka yi. Duk da haka ba za ki ga ango bayan biki yana ci gaba da zuwa zance a ƙofar gidan surukai ba, domin abin da zancen yake nufi ya riga ya tabbata. Haka hadayu suke, da firistoci, da wanke-wanken tsarki. Wasiƙar Ibraniyawa ta kira su inuwar kyawawan abubuwan da ke zuwa, ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya kawar da zunubi, ta kuma ce in an sauya firistanci dole a sauya shari'a. Annabi Irmiya tun kafin zuwan Almasihu da kusan shekara 600 ya yi shelar sabon alkawari wanda ba irin na lokacin fitowa daga Masar ba, wanda za a rubuta a zuciya. Tsohon Alkawari da bakinsa ya faɗi cewa wani yana tafe a bayansa.

Me ya sa har yanzu sata haram ce?

Malaman ikilisiya sun daɗe suna raba Shari'a kashi uku: ta ɗabi'a, ta ibada, da ta mulkin ƙasar Isra'ila. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara wannan rabo, Yohanna Kalbin ya bi shi, haka ma shaidar bangaskiya ta Westminsta ta 1646. Suna cewa ta ibada ta cika cikin Almasihu, ta mulki ta wuce tare da ƙasar, ta ɗabi'a ita ce ta dawwama. Ina amfani da wannan rabo a aji domin yana taimakon mai koyo, amma ba na ɓoye wa ɗalibaina rauninsa. Musa bai raba dokokinsa haka ba. Umarnin ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka yana Littafin Firistoci 19:18, ayar da ke biye da shi kuwa ita ce ta hana haɗa iri biyu a gona. Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa duk wanda ya karɓi kaciya domin ya sami karɓuwa ya ɗauki bashin cika Shari'a dukanta. Tsintsiya ɗaya ce, ba a zare tsinke uku a ce an riƙe ta.

Ga yadda ni na fi ganewa. Ɗan kasuwa ya taso daga Yola ya zauna a Garwa. Sata laifi ce a can, laifi ce a nan. In ya yi sata a kasuwar Garwa, alƙalin Kamaru ne zai hukunta shi da dokar Kamaru, ko da dokar Najeriya ma ta hana abu ɗaya. Dokokin biyu sun yi kama a wurare da yawa, amma ƙarƙashin ɗaya yake zaune. Martin Luta ya yi wa'azi mai kama da wannan a 1525, inda ya ce Musa malaminmu ne amma ba mai ba mu doka ba, sai inda maganarsa ta yi daidai da Sabon Alkawari da abin da Allah ya rubuta a zuciyar kowane ɗan adam. Kisa da zina da sata da shaidar zur haram ne tun kafin Sina'i, shi ya sa aka hukunta Kayinu, shi ya sa Yusufu ya gudu daga matar Fotifar. Haram ne a yau domin halin Allah bai sauya ba, Almasihu da manzanninsa kuma sun sake umartarmu da su. Bulus ya ce shi ba ya ƙarƙashin Shari'ar Musa, amma ba marar doka ba ne a gaban Allah, yana ƙarƙashin shari'ar Almasihu (1 Korantiyawa 9:20-21). Amsar da za ki ba maƙwabcin da ya ce ba mu da shari'a ke nan.

Kada kuma ki yarda da masu cewa shari'ar Almasihu sassauci ce. Musa ya hana kisa, Yesu ya kai hukuncin har kan fushi da zagi. Musa ya hana zina, Yesu ya kai shi kan kallo. Ya ce mu ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace mu, ya kuwa ƙaunace mu har gicciye. Raina yana ɓaci idan na ji matashi ya ci amanar 'yar mutane ko ya danne bashi, sa'an nan ya ce ai muna ƙarƙashin alheri. Bulus ya riga ya yi wa kansa wannan tambaya a Romawa 6:15, ko za mu yi zunubi tunda ba ma ƙarƙashin Shari'a, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Haka ma masu cewa a ajiye Tsohon Alkawari gefe. Wani Markiyon ya koyar da haka, ikilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Littafin da Yesu ya karanta ke nan, shi ne kuma Bulus yake nufi da ya ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah, mai amfani ne wajen koyarwa.

Ki duba yadda manzanni suka yi aiki da shi. Musa ya ce kada a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, Bulus ya ɗauko ayar ya ce ma'aikacin bishara ya cancanci abincinsa. Musa ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya kwana da matar ubansa, da abin ya faru a Koranti kuwa Bulus bai ce a ɗauko dutse ba, ya ce a fitar da mutumin daga zumunta domin ya tuba. Laifin yana nan da nauyinsa, amma ikilisiya ba gwamnati ba ce, ba a ba ta takobi ba. Musa ya ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani kada wani ya faɗo. Yawancinmu kwano muke rufawa, babu mai hawa, amma mai rijiya a tsakar gida da ya bar bakinta a buɗe ga yara suna wasa, ayar nan tana kiran sunansa.

A nan ne zuciyata take yin nauyi, 'yata. Na lura mun fi son dokokin da ke ɗaure wasu, muna tsallake waɗanda ke taɓa aljihunmu. A wata ikilisiya da na yi hidima akwai wani dattijo mai tsanani ƙwarai. Ba ya yarda mai jego ta shiga majami'a kafin arba'in, yana kafa hujja da Littafin Firistoci sura 12. Wata rana da yamma na je gidansa na tarar da samari huɗu da suka sauko daga duwatsu suka yi masa dashen albasa, suna zaune a gindin darbejiya a ƙofar gida, ƙafafunsu duk busasshen laka, kowa da ƙullin kayansa a leda. Sati uku suna jiran kuɗin aikinsu, shi kuwa yana cewa sai ya sayar. Muka zauna a tabarma na buɗe masa littafin nan da yake ƙauna, sura 19 aya 13, inda aka ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka har safe. Na nuna masa Yakubu 5:4, inda manzo ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Ya yi shiru har na zaci ya yi fushi. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, da safe ya kai akuya biyu kasuwa ya sallami yaran. Dokar da manzanni suka sake ɗora mana ita ya manta, wadda Almasihu ya sauke kuma ita ya riƙe. Matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini ta taɓa rigar Yesu a cikin taro, bai ƙazantu ba, ita ce ta warke, har ya kira ta 'yarsa. Hutun jego abu ne mai kyau ga lafiyar uwa da jariri, amma ba ni da ikon rufe wa mai jego ko mai haila ƙofar majami'a.

Batun Asabar

Wannan ya fi na kifi wuya, domin Asabar tana cikin Dokoki Goma, kuma tushenta yana komawa ga hutun Allah a Farawa sura 2. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar Adbentis, waɗanda suka daɗe da aiki a yankin nan tun daga tasharsu ta Dogba kusa da Marwa, a kan wannan suke tsaye, na kuma san mutane masu tsoron Allah a cikinsu. Ikilisiyar Otodoks ta Habasha ma ta daɗe tana girmama Asabar tare da Lahadi. Ba na raina kowa a kan wannan.

Ga dalilin da ya sa ban bi su ba. Fitowa 31:16-17 ta kira Asabar alama tsakanin Allah da 'ya'yan Isra'ila. Tara daga cikin Dokoki Goma an sake umartar ikilisiya da su a Sabon Alkawari, amma babu inda manzo ya umarci Al'ummai su kiyaye rana ta bakwai, ko ya tsawata musu don sun ƙi. Abin da muke da shi shi ne Kolosiyawa 2:16-17, kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha ko idi ko tsayawar wata ko Asabar, domin inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne. A Romawa 14:5 Bulus ya ce wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin ranaku duka ɗaya, kowa ya tabbata a zuciyarsa. Masu bi na farko sun taru a ranar farko ta mako domin gutsuttsura gurasa a Taruwasa, ranar da Ubangiji ya tashi. Za a iya gaya miki cewa sarki Kustantin ne ya sauya ranar. Abin da ya yi a shekara ta 321 shi ne mai da Lahadi ranar hutu a daular Roma. Tun wajen shekara ta 150 Yustin Shahidi ya riga ya rubuta yadda Kirista na birni da ƙauye suke taruwa ran Lahadi suna karatu da addu'a da Jibi. Sai dai ina ƙara wa mutanena wannan: Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum, dokar kuma ta ambaci bawa da baiwa da jaki. Wanda ya zo sujada ran Lahadi ya bar yarinyar aikinsa tana wanki kwana bakwai a mako ba hutu, bai fahimci zuciyar wannan doka ba ko kaɗan.

Zakka ma haka take a taƙaice. An ba Lawiyawa ita, wato ƙabilar da ke hidimar Haikali, domin ba su da gādon ƙasa, kowace shekara ta uku kuma ana tara ta domin baƙo da maraya da gwauruwa. Ina ba da ɗaya bisa goma, ina kuma ƙarfafa mutane su yi, amma ba na yi wa matalauciya barazana da la'anar da ke littafin Annabi Malakai. Ma'aunin da Bulus ya ba Korantiyawa shi ne kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, gwargwadon abin da yake da shi, da fara'a.

Akwai wurin da ba zan yanke miki hukunci da ƙarfi ba, wato jini da abin da aka maƙure na wasiƙar Urushalima. Wasu malamai suna ganin an rubuta su ne domin Yahudawa da Al'ummai su iya cin abinci a akushi ɗaya a wancan zamani. Wasu suna cewa tunda tun Nuhu aka hana jini, hanin yana kan kowa har yau. Ni ba na cin jini, ina kuma shawartar mutanena su bar shi, balle a nan da muke zaune da Musulmi ƙofa da ƙofa. Naman da aka yanka wa tsafin gida kuwa, wanda 'yan'uwanmu na duwatsun Mandara suke fuskanta lokacin bukukuwan gargajiya, a bar shi.

Yanzu ga gidanki. Ban ji daga bakin ƙanin maigidanki ba, ta bakinki kawai na ji, saboda haka ba zan ce ga abin da ke zuciyarsa ba. Mai yiwuwa yunwar tsarki ce ta kama shi, abin kuwa da za a girmama ne. Idan ya zaɓi barin tarwaɗa domin Ubangiji, kada ki yi masa dariya, kada ki ɓoye ta a miya don ki gwada shi. In zai zo, ki dafa masa karfasa a wata tukunya dabam. Haka iyayenmu suke yi da Kirsimeti, suna kiran maƙwabci Musulmi ya yanka rago domin kowa a unguwa ya ci, da yawa kuma ba sa shigo da alade gida saboda zumunci. Bulus ya ce kada ka hallaka ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa saboda abincinka. Amma in ya ce cetonki ya rataya ga barin kifin, ko sujadarki banza ce, a nan ba za ki ja da baya ba. Bulus ya yi wa Timoti kaciya domin kada ya zama abin tuntuɓe ga Yahudawan da za su yi wa wa'azi, amma da aka nemi tilasta wa Titus a matsayin sharaɗi, ya ƙi ko na sa'a ɗaya. Ki faɗa masa cikin ladabi, a gaban maigidanki, domin shi ne babba a tsakaninku kuma bai kamata a bar ki ke kaɗai da wannan magana ba.

Sana'arki halal ce, kuɗinki kuma tsarkakakke ne muddin cinikin na gaskiya ne. Inda Littafin Firistoci yake magana da ke kai tsaye shi ne sura 19 aya 35 da 36, a kan ma'auni na gaskiya, kuma manzanni sun tabbatar da shi da suka hana mu cutar juna a kowace harka. Kada ki jera manya a saman kwali ki cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Kada ki fesa wa banda maganin ƙwari na gona don kada ta yi tsutsa, yaran mutane ne za su ci. Masuncin da ya ba ki kaya bashi a Lagdo, ki biya shi ranar da kika ce.

Idan ƙanin naku ya yarda, ku je tare wurin fastonku, ko ku same ni bayan addu'ar yammacin Laraba. Ya zo da nasa Littafin, a bar shi ya fara karanta ayoyinsa har ya gama ba mai katse shi, daga nan mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 15 mu bi ta aya bayan aya.